Tukwane Biyu a Bayan Zana

Ni karatuna bai yi nisa ba. Na shiga makarantar mishan ne saboda ana raba madarar gari, da madara ta ƙare ni ma na ƙare. Malaminmu ya ce kaina kamar bayan ƙwarya yake, duk abin da aka zuba sai ya gangara, ni kuwa na ɗauka yabo ne, har na je gida na faɗa wa uwata. Ɗan abin da na iya na haɗa baƙi, a bencin majami'a na tsince shi da girmana. Shi ya sa in na shiga Kafanchan ran kasuwa na tarar da masu tabarau a rumfar mai shayi suna gardama ko dimokuraɗiyya tana zaunar da ƙasa lafiya ko tayar da ita take yi, nakan riƙe kofina in yi ta hura shayi. Na ga zaɓen da aka gama aka yi rawa. Na kuma ga wanda aka gama hayaƙi ya rufe gari, muka kwashe yara da awaki muka hau dutse. Wa ya aike ni in yanke wa ƙasa hukunci? Amma akwai zaɓe guda da na sani ciki da bai, domin da ni aka dama shi, kuma a kansa ne gonar cittata za ta rayu ko ta koma daji.

Ƙauyenmu yana can ciki. In ka bar kwalta wajen Gidan Waya, sai ka bi jar hanya har babur ya fara roƙonka ka sauka ka tura shi. Unguwa biyu gare mu, tudu da rafi, amma majami'armu ɗaya ce, gayyarmu ma ɗaya. Citta ba aikin mutum ɗaya ba ce. Da ruwan fari ya jiƙa ƙasa, sai a kafce ta da zurfi, a binne iri, a rufe da ganye da ciyawa tun rana ba ta gasa shi ba, kuma a gama gona ɗaya cikin yini guda. Maza suna gaba da garma, mata suna biye da kwandon iri. Mai gona ya ba da faten acca da kunu, da wani kunun kuma da ake ajiyewa bayan rumbu inda idon fasto ba ya kaiwa. Yau gonar wane, gobe ta wane, har a zagaye gari.

Mai cewa yau gonar wane, shi ne Sarkin Noma. Sarautar gadon gida ce, kuma a lokacin tana hannun surukina, yayan matata. Tare muka yi kiwon awaki da shi, na taɓa kayar da shi a kokawa gaban 'yan mata, abin da yake musu har gobe. Amma tun da mahaifinsu ya rasu ya zama uban gidan da na auro, sai in durƙusa in ce masa Baba, shi kuwa ya amsa da hanci. Ba mugu ba ne. Manomi ne na gaske, in ya kama garma sai ka ji tausayin ƙasa. Aibinsa dai, a wurinsa duniya daga ƙofar gidansa take farawa. Kowace shekara gayya ta fara da gonarsa, ta bi ta ƙannensa, ta gama tudu kaf, sannan ta gangaro rafi. Mu kuwa ƙasarmu kwari ce, ruwa yana saurin kwanciya. Kafin a iso gare mu, garma taɓo take ɗagowa, iri ya shiga ƙasa ya ruɓe. A rafin ma gonata ce ta ƙarshe, kuma ba sai na tambayi dalili ba. Na taɓa cewa a wurin biki tumbin Sarkin Noma yana riga shi isa gona, maganar kuwa ta riga ni isa gida.

'Ya'yana sun watse kamar 'ya'yan kowa. Ɗaya yana kwalejin Gidan Waya, ɗaya yana tuƙa babur a Kafanchan, matan suna gidajen aurensu wajen Gwantu. Bayana ya soma gardama da ni, in na sunkuya sai mun yi shawara kafin in miƙe. Ba ni da ƙarfin ɗaukar 'yan ƙwadago. Gayya ko a makare ta fi babu. In ta mutu, ni da gonar mun yi sallama.

Ta kusa mutuwa kuwa. Wata shekara ruwa ya yi gaggawa, cittar rafi ta ruɓe kusan duka, ta tudu ta yi kyau har ana zuwa kallo. Bayan girbi mutanen rafi suka ce sun gaji, za su kafa tasu gayyar. Mutanen tudu suka ce Allah ya raka taki gona. Kowa yana cika baki, alhali kowa ya san samari sun tafi birni, rabin gayya ba ta iya gama gona kafin rana ta faɗi. Gaisuwa ta ragu. A majami'a tudu suka koma dama, rafi hagu, in wannan gefe ya ɗauki waƙa wancan sai ya ja ta a hankali da gangan, har mai ganga ya rasa wa zai bi.

Tsohon hedimastanmu, wanda ya yi ritaya ya dawo gida yana kiwon aladu, shi ya kawo shawara. Ya ce tunda ana zaɓen shugaban ƙasa, ana zaɓen dattawan ikkilisiya, me zai hana a zaɓi Sarkin Noma? Wanda jama'a suka ba, kowa ya bi tsarinsa. Surukina ya yi dariya ya ce a yi, shi ba ya tsoron gwaji. Rafi suka tsayar da wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da muke kira ɗan reluwe, siriri mai agogo, wanda ya yi rabin rayuwarsa yana jiran jirgin da ba ya zuwa kan lokaci, saboda haka ya iya haƙuri. Alkawarinsa ɗaya ne: gayya za ta bi ruwa, inda yake fara kwanciya nan za a fara.

Ni ne sarkin yaƙinsa, ko da yake ba wanda ya naɗa ni. Na bi gida-gida, na bi bakin rafi inda mata ke wanki, na bi bayan rumbuna. Mutanen tudu da dama suka ja ni gefe suka ce gaskiya tsarin Baba ya tsufa, su ma suna da gonaki a kwari, suna tare da mu. Na koma na gaya wa ɗan reluwe ya sayi sabuwar hula.

Wata Lahadi bayan sujada aka taru ƙarƙashin mangwaron majami'a. Hedimasta ya ce za a yi irin wanda muka taɓa yi lokacin da soja ke shirin miƙa mulki: ɗan takara ya tsaya, mai sonsa ya yi layi a bayansa, kowa yana gani, ba maguɗi. Muka ce madalla. Abin da dukanmu muka manta shi ne a ƙauyenmu babu wanda ba surukin wani ba ne. Gidan Sarkin Noma gidan 'ya'ya mata ne tun kakanni. Rabin mazan rafi daga can suka auro, sauran kuwa uwayensu daga can suka fito. A al'adarmu kuma, ka bar surukinka tsaye ka je ka tsaya bayan wani, daidai yake da ka maido masa da 'yarsa da kayanta a ka.

Surukina ya tsaya gabas, ya harɗe hannuwa. Kallonmu kawai yake yi, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai duba awakinsa da yamma. Ɗan reluwe ya tsaya yamma da sabuwar hularsa. Hedimasta ya ce to, a fara. Na ɗaga ƙafa da niyyar yamma, Allah ne shaidata. Sai idona ya faɗa cikin na Baba, na waiwaya na ga matata ta riga ta tsaya bayan yayanta tana gyara ɗankwali. Ban san yadda aka yi ba, na dai farga ina tsaye a gabas, dab da Baba har ina jin ƙamshin sabulunsa, ni sarkin yaƙi. Na duba baya in ga wa ya gan ni, sai na tarar duk rafi suna bayana, kowa ya sunkuyar da kai yana nazarin yatsun ƙafarsa. Can yamma ɗan reluwe ne shi kaɗai, sai wata kaza da ke tono a bayansa. Matarsa ma 'yar ƙanen Baba ce, tana layinmu tana share hawaye.

Surukina ya gode wa jama'a, ya ce dama ya san 'yan tsirarun masu baki ne ke tada zaune tsaye. Ni ya duba da ya faɗi haka, ni kuwa na tafa masa fiye da kowa.

A ranar na gane zaɓe yana iya ƙara wa wuta mai. Da can haushin Baba kawai muke ji. Yanzu kowa yana jin haushin maƙwabcinsa, yana kuma jin haushin ƙafafunsa. Ɗan reluwe ya daina amsa gaisuwata, ya aiko mini da hular ya ce in kai wa kazar, ita ta cancanta. Mutanen rafi suka ce daga yau ba su ba layi, ba su ba gayya, kowa tasa ta fisshe shi. Ga ruwa yana matsowa, mangwaro ya fara nuna. Na je na tsaya a gonata na ga tofa da ƙaya sun fara leƙowa ta gefe kamar magada.

Matata ce ta kwance ƙullin, tana tankaɗen acca, ba ta ko dube ni ba. Ta ce mu maza ba mu da wayo, su a zumuntar mata sun daɗe da barin wannan shirme. Da can hannu suke ɗagawa ido rufe, sai suka gane ba macen da ke rufe ido biyu lokaci guda. Sai suka koma tukwane. A kafa zana, a ajiye tukwane biyu a bayanta, a zuba yashi a gindinsu don kada a ji ƙarar abin da ya faɗa. Kowace ta shiga ita kaɗai da ƙwaya a dunƙule, ta cusa hannu a tukunyar farko, ta cusa a ta biyu, ta fito hannu buɗe. Ko mai leƙe ta ramin zana ba zai san inda aka saki ba. Kuma wadda aka zaɓa ba ta dawwama, in lokacinta ya cika a sake kafa zana.

Na tambaye ta, ita da ta tsaya bayan yayanta, me ya dame ta da wannan?

Ta ce, "A gidan wa nake cin tuwo? Cittar wa ta ruɓe bara?" Ta ci gaba da tankaɗe.

Hedimasta ya ji shawarar ya ce ta fi tasa. Saura babban aiki: wa zai sa mutumin da ya cinye zaɓe kaf ya yarda a sake? Aka dube ni. An san ni da baki, kuma dama ba ni da sauran mutuncin da zan yi asara.

Na same shi da hantsi yana gyara ƙotar garma a gindin rumbu. Na durƙusa, na yi gaisuwa mai tsawo, na tambayi lafiyar kowa har aladu. Sannan na yi ajiyar zuciya na ce akwai maganar da ta hana ni cin abinci. Ya ce bai ga alama a jikina ba. Na ce mutanen banza suna yawo da zance wai ba ƙaunarsa ce ta tara jama'a bayansa ba, wai tsoron idonsa ne, wai da a ɓoye aka yi, a bayan zana irin na zumuntar mata, da ko kazar nan ba zai samu ba. Na ce na yi faɗa da su har sai da aka riƙe ni.

Ya ajiye garma. "Wa ya faɗa?"

"Baba, bakina ba zai iya ɗaukar sunansu ba. Ni dai na ce musu surukina ko a cikin rami aka yi zaɓe, ƙasa ma shi za ta zaɓa."

Ya hau huci. Can ya ce a kafa zanar. Na ce ai sun ƙara da cewa wanda ya ci zaɓen, damina biyu kawai zai yi a sake, don sun san ba zai yarda ba. Ya ce ya yarda, ko kowace Lahadi ake so a yi, zai kunyata su kowace Lahadi. Na ce ya kamata a faɗa gaban fasto don kada su janye. Ya ce shi da bakinsa zai faɗa. Na fito daga gidan ina tafiyar mai makoki, sai da na sha kwana na daka tsalle, bayana ya tuna mini shekaruna.

Ya kuwa faɗa, gaban fasto da dukan jama'a, da babbar murya. Aka kafa zana a gindin mangwaron nan. Tukunyar Baba aka shafa mata toka, ta ɗan reluwe gawayi. Maimakon ƙwaya, hedimasta ya ba kowa ɓarin busasshiyar citta a tafin hannu, mace da namiji, duk wanda ke fita gayya. Kowa ya zo wucewa sai ya rusuna wa Baba, ya shiga bayan zana, ya fito yana karkaɗe hannu, ya sake rusunawa. Da aka zo kaina na tsaya tsakanin tukwanen nan biyu, ba suruki, ba mata, ba maƙwabci. Tun da aka haife ni ban taɓa zama ni kaɗai haka a ƙauyen nan ba, ko bayan gida ka shiga wani yana tari a waje. Na cusa hannu a toka, na gaishe ta. Na cusa a gawayi, na buɗe yatsu. Na fito na rusuna wa Baba har goshina ya kusa taɓa ƙasa.

Aka shimfiɗa tabarmi, fasto ya yi addu'a, aka kife tukwane. Ba sai mai karatu ya gaya maka ba. Tarin toka ba laifi, Baba yana da mutanensa, amma na gawayi ya yi tozo kamar bijimi.

Ba wadda ta yi guɗa. Ba wanda ya isa ya yi murna, domin murna za ta tona inda ya saki cittarsa. Jama'a duka suka yi fuskar ta'aziyya. Baba ya bi mu da kallon nan nasa ɗaya bayan ɗaya, bai sami wanda zai kama ba. Wa zai yi wa fushi? Ƙanensa? Surukinsa? Kowa na iya zama, kowa kuma na iya rantsewa ba shi ba ne. Ya juya ya tafi gida.

Da yamma na je jaje, na tarar da mutane cike a ƙofarsa. Da na samu shiga na durƙusa na ce duniya ta lalace, amma ya sani tawa tana cikin toka. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Tun da rana ake shigowa ana gaya mini haka," ya ce. "Da duk wanda ya ce ya sa mini ya sa, da tukunyar ta fashe. Tashi ka tafi, kai ne babbansu."

Kada wani ya ce ina yi masa dariya don ban ɗanɗana ba. Bayan wasu shekaru ni ma na tsaya, don in gwada farin jinina. Ɓari ɗaya tak aka samu a tukunyata, kuma na san inda na saki nawa. Matata har yau tana rantsuwa nata ne.

Amma kife tukunya daban, fita gayya daban. Ɗan reluwe ya fitar da tsarinsa: rafi da fari, kuma gonar da ta fi kowace nutsewa cikin kwari ita ce ta farko, wato tawa. Na so in yi murna, sai na gane a bakin gaba aka sa ni. In tudu za su ƙi fitowa, a gonata za su ƙi. Baba ya shige gida ya yi shiru, a majami'a ma ba ya tsayawa hira. Ƙannensa suna cewa su ba su san wani Sarkin Noma da aka tsamo daga tukunya kamar ɗanwake ba. Na aika matata ta jiyo mini, ta dawo ta ce yayanta ya tambaye ta lafiyar aladunmu, shi ke nan.

Ruwan fari ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, ɗan reluwe ya sa rana. Na ce wa matata ko a rage fate, kada a dafa na gari duka a ƙare da zuba wa aladu. Ta ce ita na gari duka za ta dafa, wanda ya ƙi zuwa shi ya sani.

Da safe mutanen rafi suka hallara a bakin gonata. Muka dubi kanmu, muka dubi gonar. Tsofaffi ne yawancinmu, in aka tattara haƙoranmu da ƙyar a cika bakin mutum ɗaya. Ɗan reluwe yana duba agogo, yana duba hanyar da ta gangaro daga tudu, aikin da ya saba. Rana ta ɗaga. Ya ce mu fara da waɗanda ke nan. Muka jeru, jerinmu bai kai rabin faɗin gonar ba. Na sara garma, bayana ya ce ai mun yi magana. Ina sunkuye ina tunanin wace kusurwa zan bar wa tofa, sai na ji matan da ke bayanmu sun yi tsit.

Na miƙe a hankali. Ga su nan suna gangarowa, tudu kaf, maza da garemani a kafaɗa, mata da kwanduna a ka. Baba ne a gaba, fuska a murtuke kamar hadari. Bai gai da kowa ba. Ya zo ya tsaya kan ɗan abin da muka kafce, ya sa ƙafa ya tona, ya yi tsaki.

Ɗan reluwe ya matso ya rusuna. "Baba, sannu da zuwa. Mun gode."

"Kada ka gode mini," in ji Baba. "Ba taimakonka na zo yi ba. Na zo in ga da idona yadda za ka ɓata aikin nan, in tara abin faɗa. Damina biyu kamar gobe ne. Wannan kaftu ne ko susar ƙasa?"

Ya tofa yawu a tafi, ya shiga jeri, mutanensa suka cike gonar daga wannan gefe zuwa wancan. Abin da ya biyo baya, rabona da irinsa tun ina saurayi. Tudu suna so su nuna rafi ba su iya komai ba, rafi suna so su nuna tukunya ba ta yi kuskure ba. Garemani suna tashi suna sauka kamar hannu ɗaya, ƙasa tana juyewa baƙa wuluk. Mata suka ɗauki waƙar gayya da yarenmu, ta zambo, wannan gefe ya jefa wancan ya rama, guɗar da aka haɗiye a gindin mangwaro duk ta fito. Haushin da ya yi wata da watanni yana cin mutane a ciki, gonata ce ta shanye shi. Baba yana sara yana mita, yana nuna wa ɗan reluwe duk inda aka bar saiwa, ɗan reluwe yana cewa an ji, Baba, za a gyara. Ni mai gona aka ce in koma gefe, ina tare wa mutane hanya. Na kama aikin da na fi gwaninta, rabon kunu, ina ɗanɗana kowace ƙwarya don kada a ba jama'a abin da bai yi ba.

A can gindin ɗorawa, da ƙwarya a hannu, na yi tunanin da ya fi ƙarfin karatuna. Mutumin nan bai huce ba, bai kuma yafe wa kowa ba. Da a da ne, fushin nan zai sa ya ɗaga wa wani garma, ko ya raba gari biyu. Yanzu an sa wa fushinsa rana, ya san ranar, kuma kafin ta zo dole gayya ta rayu, in ba haka ba me zai karɓa? Mu ma da muka kayar da shi dole mu yi aiki da kyau, ga idonsa nan a kanmu. Ko haka abin yake a manyan wurare, masu tabarau su faɗa. A gonata dai na ga ya yi.

Kafin inuwa ta karkata sosai an kafce, an binne iri, an rufe da ganye har kusurwar da na riga na sallama. Tun da na gaji gonar nan ba a taɓa shuka ta ƙasa tana da sauƙin hannu haka ba. Na tsaya a bakinta ina ta washe baki kamar ni na yi aikin.

Aka zauna cin fate. Baba ya ci kwano guda ya ce gishiri ya yi yawa, ƙanwarsa ta ƙara masa wani ya cinye. Ya sha kunu, ya wanke hannu, ya kankare ƙasar garmarsa da tsinke, a hankali, kowa yana satar kallonsa. Ya miƙe ya saɓa ta a kafaɗa. Sai ya juya wajen ɗan reluwe, bai dube shi a ido ba, ya yi gyaran murya.

"To, Sarkin Noma," ya ce. "Gobe gonar wa?"